Ranar da Lambun Kuɓewa Ya Yi Shiru

Makon da ya wuce wani maƙwabcinmu, direban keke, mutumin kirki, ya leƙo kangon da nake noman kuɓewa a nan Narayi, ya ga ganye ya fara naɗewa, ya ce in bar masa aikin, yana da ragowar fiya-fiya a gida, fesawa ɗaya komai zai mutu. Har ya ɗauko kwalbar ya buɗe mini don in shaida ƙarfinta. Ban san lokacin da na ɗaga sandata ba. Tsoho da ni, ido ɗaya ya riga ya tafi, ɗayan yana haɗa kaya, na bi bawan Allah da sanda har bakin titi, ina dukan iska, yara suna dariya. Da yamma na je na ba shi haƙuri, ya ce ba komai Baba, amma na san a ransa ya ɗauka tsufa ne ya fara taɓa ni. Ba tsufa ba ne, warin nan ne. Da ya shiga hancina sai na ji ƙafafuna sun yi sanyi, kamar ina tsaye cikin ruwa.

A zamanin da na fara sanin warin nan, wannan gefen kogi da kunne ake saninsa. Jiniyar masaƙu ita ce agogon kowa. Idan ta yi kuka da safe sai hanyar Kakuri ta cika da ƙararrawar kekuna da takun takalman roba, masu fita aiki da masu shiga suna gaisawa ba tare da sun tsaya ba. Ga jirgin ƙasa can yana nishi, ga maƙera suna bugun ƙarfe, ladan yana kira daga Makera, ƙararrawar coci tana amsawa daga Nasarawa. Ko an ɗaure maka ido aka ajiye ka a tsakiyar hanya, za ka faɗi unguwar da kake da kuma ƙarfe nawa. Yanzu masaƙun sun mutu, ciyawa ta fito a rufinsu, abin da ya rage janareta da lasifika, su kuma ko'ina muryarsu iri ɗaya ce. Ni a lokacin saurayi ne da ya sauko daga garinsu da akwatin ƙarfe da cika baki. Na yi aji uku a firamare, biyu daga ciki a bayan taga na yi su. Aikina a masaƙa share ƙurar auduga ne a ƙarƙashin injin, amma duk wasiƙar da na sa aka rubuta mini zuwa gida, injiniya nake cewa.

Don in ƙara da abin miya na samu wani ɗan fili a bakin kogi, ƙasa da Nasarawa, na shuka kuɓewa. Maƙwabciyata a lambun wata tsohuwa ce daga ƙauyukan kudancin jihar nan, kowa Mama yake ce mata, ita kuma Ɗan Masaƙa take ce mini. Makauniya ce. Da idonta ya rufe ne ɗanta, wani kafinta mai yawan shiru, ya ɗauko ta daga ƙauye ya kawo ta wurinsa. Ta yi wata biyu a ɗaki ta ce in ba a ba ta ƙasa ta taɓa ba, to a fara auna ta don akwati, tunda dai ga kafinta a gida. Ya nema mata fili, amma ya kafa mata sharaɗi ɗaya a gaban matarsa: za ta riƙa zuwa muddin tana iya kai kanta ta dawo da kanta. Ranar da aka ce masa an tsince ta ta ɓata, ko sau ɗaya ne, to ta gama lambu. Ita ta faɗa mini wannan da bakinta, tana dariya, amma na lura ba ta taɓa barin kowa ya riƙe mata sanda ba, ko a wurin tsallake kwata.

Yadda take zuwa kuwa abin kallo ne. Daga bayan gidajen ƙarshe hanya ɗaya ce siririya cikin ciyawa. Can ƙasa akwai wani tsohon ɓaure a hannun hagu, da kogo a jikinsa daidai kan mutum, zuma ta daɗe a ciki tun kafin a yi unguwar. A gindin ɓauren nan hanya ta rabu: in ka karya dama ka shiga lambunanmu, in ka miƙe sai kogi, inda masu ɗibar yashi suke sauka da rani. Mama ba ta ƙirga taku. Tafiya take yi da kwandonta a ka har sai ta ji ƙugin zumar ya cika mata kunnen hagu, sai ta juya dama. Shi ke nan. Ni da tsokana, nakan laɓe a gefen hanya in ɗauke numfashi don in tsorata ta, sai ta wuce ta gabana ta ce, ba tare da ta juyo ba, warin baƙin mai ya riga ni gaisuwa. Nakan zare kuɓewa biyar daga kwandonta, sai ta ɗaga shi ta jijjiga, ta ce in mayar da biyar ɗin, in kuma yunwa ce in yi magana.

A wurinta na fara sanin darɓa. Wasu ƙananan ƙwari ne kamar kwarkwata, suna manne a bayan ganye suna tsotse ruwansa, har ganyen ya murɗe ya yi danƙo, tururuwa ta riƙa hawa tana sauka. Da su da farin ƙuda, wanda in ka taɓa reshe yake tashi kamar an busa gari. Mama da yatsa take gane su. Takan shafa bayan ganye ta murza, ta ce sun zo. Sai ta daka 'ya'yan dogonyaro da ganyensa, ta jiƙa ya kwana, ta tace da tsohon ɗankwali, ta narka ɗan sabulun salo a ciki, ta riƙa tsoma tsintsiya tana yarfa wa ganye daga ƙasa. Ba ta yi sai da yamma, lokacin da furen kuɓewa ya rufe, zuma ta koma gida. Da sassafe kuma, raɓa ba ta bushe ba, ta barbaɗa toka. Akwai wani jan ƙwaro mai ɗigo-ɗigo baƙi, kamar rabin wake, da nake samu a tsakiyar darɓa. Ni da ilimina na aji uku na yanke hukunci cewa tunda ya fi su girma, shi ne ubansu, na riƙa murƙushe shi da farce. Da ta ji ƙas-ƙas ɗin ta tambaye ni me nake kashewa, na faɗa mata, sai ta ce darɓar yake ci, 'yan sandan lambu nake kashewa. Na ce mata ni dama ba mu cika shiri da 'yan sanda ba.

Wata shekara, ƙarshen damina, ruwan sama ya ɗauke da wuri amma kogi bai janye ba, darɓa ta sauko mana kamar an aiko ta. Mama tana yarfa ruwan dogonyaronta duk bayan kwana huɗu, nata yana jurewa a hankali. Ni kuwa na yi sau biyu na gaji, ga ɗaci a hannu, ko tuwo ka taɓa sai ya yi ɗaci. Wani abokin aikina da mahaifinsa ke noman auduga ya kawo mini magani a kwalbar lemo, ba takarda a jiki, ko da akwai ma ni da ita sai kallo. Ya ce cikin murfi ɗaya a tankin feshi guda. Na yi nazari irin na injiniya, na ce ganyen kuɓewa yana da gashi, ba kamar na auduga ba, sai na zuba murfi uku. Na ari famfon feshi, na zaɓi safiyar Lahadi don na san Mama tana coci. Niyyata in yi nawa, in yi nata, ranar Litinin ta shafa ganye ta ji wayam, in tsaya a gefe ina tari irin na manya.

Hantsi ya fito, furanni duk sun buɗe, rawaya da jan ciki, kowanne da zuma a cikinsa. Na yi ta bugun famfo, ruwan yana fita fari kamar madara, iska tana dawo mini da shi a fuska. Na gama nawa, na shiga nata. A nan ne zuma biyu suka harbe ni, ɗaya a kunne, ɗaya a fatar ido. Abin da na yi bayan wannan, ban taɓa faɗa wa 'ya'yana ba. Na ɗauki famfon na nufi ɓaure, ido ɗaya a kumbure, na zura bakin ƙarfen cikin kogon, na yi ta bugawa har tankin ya ƙare. Ƙugin ya tashi sama, ya yi wata irin ƙara siririya da ban taɓa jin zuma ta yi ba, har jikin itacen yana rawa a tafin hannuna. Sannan ya fara sauka, yana sauka, kamar injin masaƙa idan an ɗauke wuta. Ban jira ƙarshensa ba. A hanyar gida na yi amai sau uku, na kwana ina shan manja, ina ce wa abokan ɗakina zazzaɓi ne.

Litinin ina aikin safe. Da jiniyar ƙarfe biyu ta yi kuka na wanke fuska na nufi lambu don karɓar yabo. Tun daga nesa na ji wani abu bai yi daidai ba, amma na kasa gane ko mene ne, sai da na iso gindin ɓaure na ji takun ƙafata da numfashina da ƙarar maɓallin rigata. Ban taɓa jin su a wurin ba. Rana tsaka, ko'ina haske, amma shiru kamar ɗakin da aka fitar da gawa. Ƙasan itacen baƙi ƙirin da zuma, sun zube kamar an kifar da kwanon wake, kuma ko tururuwa ɗaya ba ta taɓa su ba. A lambu jajayen ƙwarin nan suna kwance a bayansu tsakanin kunyoyin kuɓewa. Ba fara, ba mazari, ba komai mai motsi. Kuɓewar da ta isa tsinka tana nan a jikin ta Mama, ba a taɓa ba. Na dawo mararraba na duba ƙasa. Ga sawun silifas ɗinta, ga ramukan sandarta, sun wuce ɓauren sun miƙe.

Na bi sawun. A wannan lokacin kogi ya kwanta a kan fadama, ruwa ya rufe ciyawa, ba gangara, ba gaɓa, ƙasa ce kawai take zama ruwa a hankali ba ka sani ba. Can ciki na hango mutum a tsaye, ruwa har cinya, farin ɗankwali, kwando a ka, an ba ni baya, ba motsi ko kaɗan. Na rantse da farko ban ɗauka mutum ba ce. Duk labarin mutanen ruwa da aka taɓa ba ni ya dawo mini, har na juya zan gudu, sai na gane kwandon. Na shiga ruwan ina karanta duk abin da na iya, wanda ba shi da yawa. Da na matso na ga fuskarta a ɗage, kanta a karkace, kunnen hagu a sama. Taku uku a gabanta launin ruwan ya sauya ya yi duhu, tsohon ramin masu yashi ne, wanda ko gora ba ta taɓa ƙasansa.

"Ɗan Masaƙa," ta ce, tun ban yi magana ba. "Ina zumar ta tafi?"

Na ce Mama mu fita tukuna.

"Tun safe nake jira ta yi magana in san inda hagu yake. Ba ta yi ba."

Na tambaye ta me ya sa ba ta yi ihu ba. Ta ce masunta sun wuce a kwalekwale har sau biyu, ta sunkuya kamar mai wanke kwando har suka yi nisa, domin ta gane muryar ɗayansu, unguwarsu ɗaya da ɗanta. Ta ce ta ji jiniya, amma a kan ruwa jiniya daga ko'ina take zuwa. Ta juya sau ɗaya don ta koma, ruwa ya ƙaru, ta sake juyawa, ya sake ƙaruwa, sai ta tsaya. Ranar ce kaɗai ta bari na riƙe mata sanda. Ƙafafunta sun yi fari sun tattare, matsattsaku biyu a ƙwaurinta. Da muka zo gindin ɓaure ta tsaya, ta cire silifas, ta taka matattun zumar da tafin ƙafa a hankali, ta ɗaga hanci. Ta daɗe a haka.

"Tun daga bayan gidaje na ji warin," ta ce. "Na ɗauka ganye kawai ka yi wa."

Abu ɗaya ta roƙe ni, kada ɗanta ya ji.

Na yi ƙoƙarin gyara ɓarnar, da dabarun da suka fi ƙarfin kaina. Na rataya gwangwani da tsakuwa a reshe, amma da safe ba iska. Na ɗaura igiya daga ɓauren zuwa lambu, kwana biyu wani ya kwance ta ya ɗaure akuyarsa. Daga ƙarshe na roƙi oga ya mayar da ni aikin rana, na zama zuma da kaina. Kullum da sassafe in je in tsaya a gindin itacen nan, in rufe baki, in riƙa ƙugi ta hanci har ta zo ta wuce ta juya dama. Ƙato da ni, da gashin baki. Ba ta gaishe ni a wurin, ni ma ba na gaishe ta, sai mun shiga lambu. Wani lokaci ina cikin ƙugin sai in ji kamar kogon yana amsa mini daga sama da kaina, in yi shiru in saurara, ba komai, sai ɗan warin nan da ya ƙi fita. Darɓa kuwa, kafin sati biyu ta dawo ninkin yadda take, don ba abin da ya rage da zai ci ta. Tawa kuɓewar ta ƙone tsaye. Ta Mama ta rayu da ƙyar, da tsintsiya da ruwan ɗaci.

Mun yi kusan sati uku a haka. Rannan na makara, ba wani dalili, barci ne kawai. Na zo a guje na same ta a tsaye a kan hanya, da sauran tafiya mai yawa kafin ɓauren, sanda a ƙirji, ta kasa gaba ta kasa baya. Na fara ƙugi daga inda nake, ina haki, sai ta ce in bari. Ta ce ba fushi take yi ba, amma zuma ba ta da oga kuma ba ta makara, ita kuma yanzu duk inda ta taka sai ta ji kamar ruwa ne. Da kanta ta faɗa wa ɗanta cewa ta gaji, ya mayar da ita ƙauye. Ba ta gaya masa dalili ba, har ya zo ya yi mini godiya a kan yadda nake kula da tsohuwarsa, ya ba ni benci kyauta. Na zauna a kan bencin nan shekara da shekaru, bai taɓa yi mini daɗi ba. Ranar da za ta tafi ta bar mini turminta da tsintsiyar, ta ce in wanke kogon, in shafa masa kaki, wataƙila wasu su zo. Na wanke, na shafa, ba su zo ba. Daga baya aka sare ɓauren, yanzu gidan bulo ne a wurin.

Bara wata malamar gona ta tara mu a ƙarƙashin rumfa, mu masu ɗan noman bayan gida, ta zo da hotuna da Turanci. Ta ce a riƙa duba bayan ganye tun da wuri, a yi amfani da man dogonyaro da ɗan sabulu, a fesa da yamma, kada a kashe jan ƙwaro, in kuma dole sai an sayi na kwalba, a nemi mai takarda, a bi awonsa, a jira kwanakin da aka ce kafin a tsinka. Ta nuna mana faranti mai launin rawaya da ake shafa wa mai don farin ƙuda ya manne. Wannan ne kawai sabo a wurina. Na ɗaga hannu na ce malama, ni makauniya ce ta koya mini sauran, kuma kuɗin makarantar ya yi tsada. Aka yi dariya, an san ni da shirme.

Yanzu ina zaune a gidan 'yata. Kangon da nake shuka yana layi na biyu, mai shi bai tashi gini ba. Da likita ya ce idon dama ma ya kusa, 'yata ta zaunar da ni, ta ce Baba ka ci gaba da zuwa, amma ranar da aka kawo mini kai an ce ka ɓata, shi ke nan. Na ji maganar kamar an karanto ta daga wata takarda da aka ajiye mini tuntuni. Da safe nakan fita da sandata, in bi katanga, in yi ta tafiya har in ji wani ƙugi a kunnen hagu, sai in karya dama, in ji ganyen kuɓewa ya goge mini hannu. Na faɗa wa 'yata zuma ce take zuwa furannina saboda ba na zuba musu guba. Ta ce Baba wace zuma a Narayi, taransifoma ce a kusurwar layin. Na ce to, ita ce mai boko.

Amma kwana huɗu ke nan ba wuta a unguwarmu, an ce taransifomar ce ta ƙone. Yau da safe na fita kamar kullum, ban gaya wa kowa ba. Layi shiru, ko janareta ba a tayar ba tukuna. Na yi ta tafiya ina jin takuna da maɓallin rigata, har na fara jin sanyi yana hawowa daga tafin ƙafata. Na tsaya, na karkata kai, na ɗaga kunnen hagu. Na daɗe a haka. Sai ga shi, can ƙasa-ƙasa, daidai saman kaina, kamar wani ne ya rufe baki yana yi ta hanci. Ban tambayi ko wane ne ba, na juya dama.